Fundi Kibwana da Jan Ƙyallen Ƙafar Hagu

Kafin masu shaguna su buɗe a unguwar Ngamiani ta birnin Tanga, Fundi Kibwana bakaniken babura ya riga ya share gaban rumfarsa. Daga masallaci yake wucewa, yana jan ƙafarsa ta dama. Ya tsaya wajen Bi Mwanamkasi mai tuyar mandazi, irin fanken garin nan, ya karɓi biyu a takarda da ɗan kofin gahawa mai ɗaci. Sai ya ɗaga ƙyauren kwano, ya bi baburan da suka kwana a ciki ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ƙarƙashin kowanne. Inda ya ga ɗigon baƙin mai, ya dangwala da yatsa ya shinshina. "Wannan ya yi fitsarin kwance," in ji shi. "Tsoho ne, a yi masa uzuri."

Haka na san shi tun ina wucewa makaranta da gajeren wando. Yanzu ya ce ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin gwiwar ta daina yarda ta buga kik. Ni kuwa na ce wallahi ba za a sauke ƙyauren nan shiru ba. Sai mutanen Tanga sun ji wanda suke shirin rasawa.

Garin nan ya cika da sababbin babura masu sanye da kayan kakanninsu. Fitila zagaye, sirdin fata ruwan ƙasa, tanki mai siffar ɗigon hawaye. Daga nesa sai ka rantse irin waɗanda masu gonakin katani, tsiron da ake igiya da zarensa, suka bari ne. Ka matso kusa, ka danna maɓalli, ya tashi kamar an kira yaro mai biyayya. Na gaskiyar kuwa, tsofaffin 'yan Ingila, sai an lallashe su. Ka tsokani kafireta har fetur ya jiƙa maka yatsa, ka nemo inda kik ya yi tauri, ka hau da dukan nauyinka. In ka yi wasa ya mayar maka da duka a ƙauri.

Mutane suna zaton Fundi yana ƙin sababbin. Ko kusa. Na sha jin sa yana ce wa samari, "Sabon ya fi birki, ya fi fitila, ba ya ɓata wa matarka tsakar gida. In aiki za ka je, hau sabo." Abu ɗaya ne ba ya yafewa: a ɗauka tunda sun yi kama, ɗaya suke. A sabon babur birkin baya yana ƙafar dama, giya a hagu. A tsohon ɗan Ingila an juya su. Ido yana ganin babur ɗaya, ƙafa kuwa tana tuna wanda ta saba da shi.

Shi kansa a nan ya bar gwiwarsa. Yana saurayi, lokacin da baburan Japan suka fara shigowa, ya hau wani don gwaji. Keken jaki ya gitta, ya taka hagu inda ya saba samun birki, ya tarar da giya. Har yau in an tambaye shi sai ya ce, "Jakin ya tafi gida lafiya. Ni aka ɗauka."

Tun daga ranar ya kafa dokarsa. Duk wanda ya saba da sabo ya kawo tsoho gyara, ba zai karɓi makulli ba sai an ɗaura masa jan ƙyalle a idon sawun hagu, an kai shi filin ƙwallo an sake wa ƙafarsa tarbiyya. An zage shi a kan wannan. An janye babura daga rumfarsa. Bai sassauta wa kowa ba.

Bai sassauta wa Mboni ba ma, kuma labarinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mboni 'yar dattijo Mzee Mhando ce, tsohon masinjan gonar katani, abokin wasan Fundi tun suna samari. Ciwon suga ya cinye idon Mzee Mhando, tsohon babur ɗinsa ɗan Ingila kuma ya yi shekaru a jingine a bayan ɗaki, kaji suna kwana a kai. Mboni tana aiki a tashar jiragen ruwa. Ta sayi sabon babur, ta zaɓi wanda ya fi kama da na babanta, ta kawo ƙofar gida ta tayar don ta faranta masa. Tsohon ya karkata kunne, ya saurara, ya ce, "Na wa ne wannan keken ɗinki?"

Abin da yake so ya fi ƙarfin kamanni. A kan wancan tsohon babur ya sauko da mahaifiyar Mboni daga tsaunin Amani tana amarya, tana riƙe da rigarsa, tana kuka tana dariya. Da ta rasu, a can aka binne ta. Ya ce yana so ya ziyarci kabarinta kafin damina ta rufe hanya, kuma a kan babur ɗin da ya ɗauko ta. Na karanta labaran soyayya har idona ya yi ja, ban taɓa cin karo da buƙatar da ta taɓa mini zuciya kamar wannan ba.

Bi Mwanamkasi tana gaban kaskonta ranar da aka turo babur ɗin, tsohon yana biye, hannunsa a kafaɗar 'yarsa.

"Gurgu, kana nan?" in ji Mzee Mhando.

"Ina nan, makaho. Ga ni a gabanka, ka duba da kyau."

"Na ji warinka. Za ka iya tayar da wannan, ko sai na nemo bakanike?"

Fundi ya zagaya babur ɗin. Sannan ya ce, "Mhando, ka bar wasa. Na 'yarka ya fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. Hanyar Amani ba filin idi ba ce. Ku hau sabon."

"Shi ya ɗauko mini matata?"

Fundi ya sunkuyar da kai. Ya ce da Mboni, "Shigo da shi, 'yata."

Duk unguwa ta ga aikin nan. Ya shiga mota ya je wata rusasshiyar gonar katani wajen Pangani, ya ciro kayan gawar wani babur daga cikin ciyawa. Abin da bai samu ba ya zauna da magagari ya goge shi daga ƙarfe. Ranar da za a tayar, ya ɗora ƙafa a kan kik, gwiwar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya sauko, fuskarsa ta yi sharkaf, ya ce, "Mboni, zo ki ba ni aron ƙafarki." Ta buga har ta gaji. Can injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama: dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Mzee Mhando yana zaune a benci. Ya miƙe tsaye ba wanda ya riƙe shi, ya ce, "Yauwa. Wannan ne."

Mboni ta miƙa hannu ta karɓi makulli. Fundi ya jefa shi a aljihu, ya ciro jan ƙyalle.

"Ɗaura a hagu. Sannan ki ba ni makullin naki sabon."

"Baba Fundi, da me zan je aiki?"

"Da motar haya, kamar sauran bayin Allah. In kin hau wancan da safe, kin hau wannan da yamma, ƙafarki ba za ta san wanda za ta bi ba."

Kullum bayan la'asar suna filin ƙwallo. Mboni tana zagaye, Fundi yana tsaye da sandarsa kamar bai san da ita ba. Sai ta shagala ya daka tsawa, "Akuya!" Ita kuwa ƙafar dama ta sauka a kan giya, injin ya yi kuka, babur ɗin ya wuce. "Kin kashe ta," in ji shi. "Mai akuya yana zuwa. Koma." 'Yan acaba suka mai da wurin gidan kallo. Duk inda ta bi a gari sai ta ji an ce, "Anti, nawa kika kashe yau?"

Makonni suka shuɗe. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku, jikin Mzee Mhando kuma yana ƙara yin ƙasa. Wata yamma Mboni ta kashe injin, ta kwance ƙyallen ta yar a ƙasa.

"Baba Fundi, babana ba shi da lokaci! Ka fi kowa sani!"

"Na sani."

"To ka ba ni makulli!"

Ya sunkuya da ƙyar, da wannan gwiwar tasa, ya ɗauki ƙyallen ya kakkaɓe.

"Don ba shi da lokaci ne. Ɗan abin da ya rage masa, ba zan ba ki ki zubar a kwana ba. Ki zage ni, 'yata, na yarda. Amma ɗaura."

Kai ne wannan, Fundi. Ka ga hawayen 'yar abokinka, zuciyarka tana tafasa, ka ƙi motsawa. Ba wuya a yi wa mutum abin da yake so a sha godiya. Kai ka zaɓi a ji haushinka, in dai za a dawo gida da rai. Ginshiƙin Ngamiani, mai taurin kan alheri.

Ta ɗaura. Bayan 'yan kwanaki ya yi mata tsawar tana cikin gaisawa da wata ƙawarta, tayar baya ta ja ƙasa, babur ya tsaya cak. Ya sake gwada ta a kan tsakuwa, ya gwada ta da buhun yashi a baya. Sannan ya ciro makullin ya sa mata a tafin hannu.

Safiyar tafiya unguwa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ga Mboni a kan tsohon babur, babanta a baya an ɗaure shi da ita da zane. Ga kuma Fundi Kibwana, sarkin tsofaffin ƙarafa, a kan sabon babur ɗin Mboni, ya danna maɓalli da yatsa ɗaya. A idon sawunsa na dama akwai jan ƙyalle.

"Fundi, har da kai?" in ji Bi Mwanamkasi.

"Ni da na kafa dokar? Ƙafata ma ba ta da hankali."

Suka bi ta Muheza suka hau tsauni. Mzee Mhando ya zauna gaban kabarin matarsa, ya yi addu'a, ya yi mata hirar da ba wanda ya matsa kusa ya ji. A saukowa ne, a wata kwana mai santsi, suka yi kiciɓis da motar katako ta mace a tsakiyar hanya, ga rami a gefe. Mboni ta ce mini ba ta tuna ta yi tunanin komai ba. Ƙafar hagu ce ta sauka da kanta. Suka tsaya, tayar gaba ta kusa sumbatar ƙarfen motar.

"Me ya faru?" in ji tsohon daga baya.

"Akuya ce, Baba."

Ya ɗaga hanci ya shaƙa. "Wannan akuyar gas take sha?"

Fundi ya iso ya tsaya a bayansu. Mboni ta ce ya dubi ƙafarta, ya dubi ramin, ya juya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Ruwa ya sauka bayan dawowarsu. Mzee Mhando yanzu ba ya fita, amma kowace Juma'a Mboni tana tayar masa da babur ɗin a gindin taga, ya saurara har ya yi barci.

Fundi Kibwana, mun gode. Ba ka ƙera babur ba, ba a rubuta sunanka a jikin ko da tanki ɗaya ba. Amma akwai mutane a garin nan da suke tafiya da ƙafa biyu saboda ka hana su makulli. Allah ya saka maka, ya sassauta wa gwiwar nan, ya sa hutun ya yi maka daɗi.

Ku kuma samarin gareji, da ku masu sayen sababbi masu kamannin da, ku hau abinku, ba wanda ya hana. Amma kafin wata ya ƙare ku je Ngamiani ku zauna a bencin nan. Ku koyi tsokanar kafireta, ku koyi magagari, ku koyi yadda ake kallon mutum a ido a ce masa bai shirya ba. Akwai ƙunshin jan ƙyalle rataye a ƙusa bayan ƙyauren. Na tambaye shi wa zai bar wa. Ya ce duk wanda zai iya jure zagi ya zo ya ɗauka.