Tarwaɗar Malama Rifkatu

Laifin nawa ne, ba na rijiyar Malama Rifkatu ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu nake gaya wa, don ban taɓa mantawa da ranar da ta shigo mana riƙe da bokiti ba.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni ke kula da ɗakin ƙyanƙyasa a wani gidan kifi a Tarauni. Ga wanda bai san aikin ba, tarwaɗa mace allura ake yi mata, a matse ƙwanta a kwano. Namiji kuwa sai an yanka shi ake samun ruwan da za a zuba wa ƙwan. Dokar Alhaji mai gidan ita ce a kai mazanmu wata gona a musanyo da nasu, kada a haɗa jini ɗaya, don 'ya'yan kan fito da nakasa.

Lokacin masu saye sun yi yawa, ni kuma ƙyuyar tafiya ta kama ni. Na riƙa kamo maza daga kwamin da matan suka tashi, uwarsu ɗaya. Da Alhaji ya tambaya, na ce an musanyo.

Malama Rifkatu 'yar Kudancin Kaduna ce, ta yi ritaya daga koyarwa, ta gina kwami biyu a gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi da kuɗin sallamarta. Daga wannan ƙyanƙyasar na sayar mata, har da gyara. Suna ƙanana ba a ganin komai.

Da suka tasa ta kawo su a bokiti: wasu baya a lanƙwashe, wasu baki a karkace. Ta ce suna cinye abinci ba sa girma, masu banda sun taya da wulaƙanci, masu farfesu ko tayawa ba su yi ba. Ta ce, "Malam Sani, duba mini. Ni ce na yi musu wani abu?"

Na san amsar tun kafin in leƙa. Amma na tuna Alhaji, na tuna aikina, sai na ce ruwan rijiyarta ne. Ta yi mini godiya. Ta rufe rijiyar, ta koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ta dawo ta ƙara sayen wasu a hannuna. Su ma haka suka fito.

A wannan sana'a mai saye ba ya ganin abin da ya saya sai ya gama ciyar da shi. Maganarka kawai yake ɗauka ya tafi da ita.

Da na ji za ta fasa kwaminta ta haƙura, na gaya wa Alhaji gaskiya. Ya ce za a ba ta wasu masu kyau, amma in fara zuwa wurinta da ƙafata.

Na tarar da lebura riƙe da guduma, ita tana tsaye a kansa. Na roƙe shi ya dakata, na durƙusa.

"Mama, rijiyarki lafiya lau take. Ni na haɗa jini ɗaya don ƙyuya, na yi miki ƙarya, na kuma sayar miki ina sane. Kada ki fasa kwaminki saboda ni. Ki yafe mini."