Warin Wiwi a Ƙofar Delphine

Shekara ashirin da shida Delphine Rucker ta yi tana girki a wata firamare a jihar Tennessee, ko sigari ba ta taɓa sawa a baki ba. Mijinta Cleon makanike ne, sai da ciwon sukari ya ci masa ƙafa guda ya ajiye aiki. Bango ɗaya ya raba su da wasu 'yan haya masu busa wiwi safe da yamma.

Wata Talata da hantsi 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa, suna cigiyar wata mota da aka sace. Tana buɗe ƙofa ɗayan ya ja hanci.

"Madam, warin wiwi nake ji."

"To hancinka ya yi ɓatan hanya, ɗana. Matsa ƙofa ta gaba."

Bai yi dariya ba. Kafin yamma suka dawo su bakwai da takardar izinin bincike, alƙali ya sa hannu a kan wari kawai. Suka farke katifa, suka zazzage garin masara a ƙasa, ko ƙwayar wiwi ba su gani ba. Sai a saman durowa suka ci karo da tsohuwar bindigar mahaifin Cleon, duk ta yi tsatsa. Cleon kuwa ya taɓa zaman kaso yana saurayi, doka ta hana shi ajiye makami. Aka yanke masa shekara huɗu.

"Del, bar maganar ɗaukaka ƙarar nan, kin gaji," in ji shi ta bayan gilashin gidan yari.

"Rufe mini baki, tsoho. Ni na buɗe musu ƙofar nan."

Ta ɗaukaka ƙara. Wata goma sha tara tana hawa motar safa zuwa wurinsa duk Asabar, tana kallo yana ramewa a keken guragu. Ranar da hukunci ya fito, lauyarsu, Mis Pettway, ta kira ta ofis.

"Alƙalan sun yarda wari kaɗai bai isa a shiga gidan mutum ba, Misis Rucker."

Delphine ta miƙe tsaye. "Yaushe zan je ɗauko shi?"

Lauyar ta sunkuyar da kai. Ta ce kotu na ganin 'yan sandan ba da mugun nufi suka yi ba, takardar alƙali suka bi, don haka hukuncin Cleon yana nan.

"Wato mun yi gaskiya."

"Kun yi gaskiya."

Ta ɗauki jakarta ta fita. A watan Maris aka yanke wa Cleon ɗaya ƙafar a asibitin gidan yari, ba a sanar da ita ba sai bayan kwana uku.