Ƙaramar Tukunyar Maman Gloria

Rifkatu Ishaku, wadda 'yan layinsu a Gyadi-Gyadi suke kira Maman Gloria, ta zo Kano daga Kafanchan tana amarya. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ita kuma tana koyarwa a wata firamare a Tarauni. Gidansu bai taɓa rabuwa da mutane ba, ga 'ya'ya, ga ƙannen miji, ga duk wanda ya zo daga gida neman aiki. Tun lokacin hannunta ya saba da girki mai yawa.

Yaran suka girma suka watse. Gloria ta yi aure a Jos, sauran suna Abuja da Legas. Ba ta daɗe da yin ritaya ba mijinta Ishaku ya rasu. Amma ko bayan nan, in ta tashi tuƙa tuwo, sai ta auna garin da ta saba. Ta ci malmala ɗaya, ta rufe sauran. Wutar lantarki ba ta zama, firji ba ya sanyi, kafin gari ya waye miyar ta yi tsami. Sai ta leƙa ta ga ba kowa, ta juye a kwatar bayan gida.

Wata damina kwatar ta toshe, ruwa ya shiga gidaje. Wata duba-gari mai suna Bilkisu ta zagaya layin, ta gayyaci mata su zo ranar Asabar a yi musu bayani kan muhalli, a makarantar da Rifkatu ta koyar. Rifkatu ta je, ta zauna a bencin baya.

Bilkisu ta yi maganar ɓeraye da ƙudajen da abincin zubarwa yake tarawa, da ruwa da gawayin da ke tafiya a banza. Ta nuna musu yadda ake shanya ragowar tuwo da tumatir, da yadda ɓawon doya da ganye suke zama taki. Daga nan ta ce, "Abu na farko shi ne awo. Kowacce ta faɗa mini bakin mutum nawa take ciyarwa."

Mata suka yi ta lissafi ana dariya. Hajara, maƙwabciyar Rifkatu, ta ce nata gidan sai an yi ƙidaya. Aka zo kan bencin baya.

"Mama, ke fa?"

Rifkatu ta buɗe baki za ta jero sunaye, sai ta tsaya. Ta dubi allon da ta sha rubutu a kansa.

"Ni kaɗai ce," ta ce.

Ba ta taɓa faɗin haka da bakinta ba. Bilkisu ta sassauta murya ta ce, "To Mama, gari cikin gwangwanin madara ɗaya ya ishe ki."

A hanyar komawa ta biya kasuwar Tarauni ta sayi 'yar ƙaramar tukunya. Babbar tukunyarta kuwa ta kai wa zumuntar mata a coci, ta ce ta fi amfani a wajen biki.

Yanzu girkinta ba ya ɗaukar lokaci. Kafin azahar ta dafa, ta ci, ta wanke, sai yinin ya yi mata tsawo. Ta fara tara ɓawo a tsohon bokiti, da ya ruɓe ta zuba a buhunan da ta shuka alayyahu a gindin katanga. In Gloria ta kira ta tambaya ko ta ci abinci, takan ce, "Na ci, ban bar komai ba."

Alayyahun ya yi kyau har ya fi ƙarfinta. Hajara takan shigo ta tsinka, ta zauna a kan tabarma su taɓa hira, har sai an ƙwala mata kira daga gidanta. Rifkatu ta raka ta bakin ƙofa, ta ɗan tsaya tana kallon masu adaidaita sahu suna wucewa, sannan ta koma ciki.