Ƙyallayen Gwaggo a Cikin Bango

Tunda nake da Gwaggo ban taɓa ganin ta zubar da ƙyalle ba. Ƙanwar babana ce, tela, tana zaune a hawa na ƙarshe na tsohon benen da muke haya, ni kuma ina hawan da ke ƙarƙashin nata. Tun tana amarya ta shigo gidan da keken ɗinkinta. A nan ta haihu, a nan mijinta ya rasu, ita da ginin suka tsufa tare, sai dai ginin ya riga ta sukurkucewa.

Bangon gidan biyu ne, na ciki da na waje, da rata a tsakaninsu. Da na wajen ya fara tsagewa, iska da feshin ruwa suka samu hanya. Mai gidan kuwa gwanin alkawari ne, kullum gyara sai wata mai zuwa. Gwaggo ta ce ba za ta zuba ido sanyi ya kama mata yara ba, sai ta fara cusa ragowar yadi a tsagar jikin taga, tana turawa da tsinken saƙa. Na yau ya zurma ciki, gobe ta ƙara wani. Maƙwabta suka gani suka yaba, duk wanda iska ta dama sai ya hau wurinta da leda, ba ta taɓa hana kowa ba. Mukan tsokane ta mu ce bangon nan ya fi mu sutura.

Bana, bayan wata gobara a wani bene irin namu, aka matsa wa mai gidan lamba. Magina suka kewaye ginin da ƙarafan hawa, suka shiga lulluɓe shi da wasu alluna da aka ce wuta ba ta cin su, ruwa ba ya ratsa su. Kowa sai murna. Gwaggo kaɗai ta daina taka keke, ta koma tsayuwa a taga tana kallon yadda ake rufe tsagogin.

Ita ta tuna mini cewa tsofaffin wayoyin lantarkin gidan ta cikin ratar nan suka bi. Ga shi kuma 'yata a gadon Gwaggo take barcin rana, jikin bangon.

Na raka ta wurin shugaban maginan. Ban ce mugu ba ne, amma ya saurare ta irin sauraron da ake yi wa tsofaffi, yana murmushi, idonsa na kan ma'aikatansa. Ya ce ƙyallayen da suka gani a bakin tsagogin sun zare, aikinsu na waje ne, na cikin bango sai da izinin mai gida. Mai gida kuwa wayarsa a kashe.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ko tartsatsi ba zai shigo daga waje ba."

"Ɗana, ai ba na wajen nake tsoro ba."

Ya yi dariya ya koma bakin aikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da muka koma sama, ta miƙe wayar rataye kaya, ta lanƙwasa bakinta, ta zura ta gefen makunnin fitila inda siminti ya zube. Ta dinga jawo ƙyallayen tana gaya mini asalinsu: wannan daga rigar marigayi mijinta, wannan daga kayan makarantar babban ɗanta, wannan daga zanen da ta goya ni da shi. Har dariya muka yi, ƙasa-ƙasa, don kada yarinyar ta farka.

Sai ta jawo wani ta ƙura masa ido. Shuɗi ne, amma gefensa ya yi baƙi, yana marmashewa a yatsunta. Ta kai shi hanci, sannan ta miƙo mini. Ƙauri yake yi, kuma da ɗuminsa.

A waje ana ta buga allon da zai rufe ƙasan tagarta. Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a bango, daidai saitin kan gadon, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ɗauki yarinyar nan," ta ce a hankali. "Kada ki tsaya neman takalminta."