Alamar Ishaya da Hannun Kawu

Kawu Ɗalhatu, ƙanen mahaifiyata, bai iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci, waya maƙale a kafaɗa. Aikin kago yake yi a unguwar Al Buteen, a ƙasar Larabawa: masu zuwa sari daga gida su kawo kaya, ya ɗaure, ya rubuta alamarsa a jikin kwali, ya loda a kwantena. Na zauna gidansa a Hor Al Anz bayan na gama sakandare, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Shagon da ke kallon nasa na Ishaya ne, Kirista, mutumin Zonkwa. Sana'arsu ɗaya, tun daga ƙofar otal suke fizgar baƙi.

"Malam, yau ma ƙudaje kake lodawa?" in ji Ishaya.

"Yalla, je ka nemo kwantenarka a teku!"

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Ishaya a asibiti. Mutanensa suka tsallako wurin Kawu da kayansu. A wannan sana'a, wanda ya saba da sabuwar alama ba ya komawa tsohuwa, ga shi bizar Ishaya a kan shagon take. In shagon ya mutu, sai gida.

Kawu ya yi ta safa da marwa a falo, ya ɗauki waya ya ajiye. Can ya ba mu labarin da ya ji a Islamiyya: sarkin Musulmi da na Kirista suna yaƙi kan Ƙudus, dokin na Kiristan ya faɗi, na Musulmin ya aika masa da wani.

"Don yana son sa?" na tambaya.

"Wane irin so, Mahfuza? Don ya hau su ci gaba da yaƙin ne!"

Washegari ya karɓi kayan, amma ISH, alamar Ishaya, ya riƙa rubutawa a kwalayen, ya loda su da sunan Ishaya. Tasa kwantenar ta tafi rabi wayam. Matarsa, Anti Nafi, ta koma yi masa magana da ido.

Da aka sallami Ishaya, ya tsaya a rame yana duba kwalayen.

"Ko S ɗin ma a karkace ka yi shi."

"Gode wa Allah ban rubuta maka da ajami ba."

Sati bai zagayo ba Ishaya ya ƙwace Hajiya Kamila, babbar kwastomar Kawu. Kawu ya shigo gida yana huci, ya yi jifa da hula.

"Nafi! Ɗan banzan nan ya warke sarai!"