Akwatin da ke ƙarƙashin teburin Autana

Ya fara ɗauka? To, ku saurara, jikokina, labarin babanku zan ba ku.

Autana tun yana rarrafe ba ya zubar da abu. Murfin kwalba, mataccen batir, rediyon marigayi babansa da ta daina magana, duk sai ya tura ƙarƙashin gadona. In na share ya yi ta kuka har da shessheƙa. Da ya girma ya buɗe shagon gyaran waya, na ce to, an samu wurin tara tarkace a bar mini ɗaki.

Ashe sabon tarkace zai kawo gida. Wani baƙin akwati ne, yana ƙarƙashin teburinsa kusa da kwandon takalma, yana ta huci dare da rana, da 'yar fitila shuɗiya tana ƙifta ido. Ya ce duk hotunan gidan nan da bidiyo a ciki suke, kowa daga wayarsa zai iya gani.

Da, in ana gardamar wa ya riga wa yin haƙori, ɗakina ake zuwa. Da akwatin ya zo, sai na ji ana cewa, "Bari a duba." Ina zaune fa! Safiya ta yi, kafin ya ce mini ina kwana sai ya durƙusa ya ga ko fitilar na ci. Har ƙura yake goge masa da burushi.

Sai abin ya fara cijewa. In mutum biyu suna kallo, na uku ya shiga, hoto ya tsaya cak da baki a buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ya je ya sayo wasu abubuwa sirara kamar mataji, ya ce ƙarin ƙwaƙwalwa ne, ya cusa masa. Shiru, yana nan yadda yake.

Na ce, "Auta, ko an cuce ka ne?"

Ya ce, "A'a Inna, kayan lafiya lau. Manhajar da ke tafiyar da shi ce tsohuwa, tana da iyakar da ba ta wucewa. Ko nawa na ƙara, kaɗan take gani, sauran na zaune a banza."

Na ce, "Tsohuwa ce ba ta gani? Da ni kake?"

Ya yi dariya har ya buga kai da tebur. Ya ce dole ya cire ta ya sa sabuwa, amma sai ya kwashe komai ya ajiye a gefe tukuna, kada a yi asara.

Ranar kwashewar na ja kujera na zauna, wai in ga ƙarshen abin. Kowa da jakar hotunansa a cikin akwatin. Ya taɓa ta uwar matarsa, kakarku ta can gidan, wani koren layi ya fara jan ciki. Na ci abinci, na yi barci, na tashi, bai kai ba. Ga ta tana dariya, ga ta tana goyon wannan, ga ta tana ba wancan labarin ƙuruciyarta. Matar nan ko atishawa za ta yi sai an ɗauka.

Na ce, "Ina tawa?"

Ya taɓa. Kafin in gyara ɗankwali, ta gama.

Na ce buɗe in gani. Hannuna ne ya tare fuska. Ƙeyata a bakin ƙofa. Sai wani guntu da ake jin muryata ina cewa, "Kauce mini da abin nan!" Shi ke nan. Ni da na yi wa kowannenku wankan farko.

Na ce, "Wato in na mutu, kaka ɗaya yaran nan za su sani?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, ke kike korata."

Na ce, "Sabuwar manhajar taka tana gani duka?"

Ya ce, "Duka."

Na ce, "To ɗauko wayar."

Shi ne ya jingina ta da gwangwanin madara, ni kuma na saka mayafina mai kyau. Auta, kar ka taɓa, ban gama ba, ko labarin haihuwarka ban fara ba. Kuma in an gama ka nuna mini layin nan, nawa da nata, in ga inda na kai.