Ramin Bayan Ɗakin Iya Falmata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai zama zargi ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ya tilasta ni shi ne iyayen yara a makarantar ƙauyenmu, a ƙasar Ɗambatta, sun yanke shawarar gina ɗakin raino, inda za a riƙa ajiye ƙananan yara tun kafin a kaɗa ƙararrawa har bayan an tashi. Ni suka ce in riƙe shi, kuma har yau ban ba su amsa ba. Mun taɓa yin irin wannan ɗakin.

A ranin da nake aji huɗu, wata Asabar, aka yi gayyar gina shi. A lokacin mu 'yan mata da goyo muke zuwa makaranta, domin iyayenmu mata na fama da tuyar ƙosai tun asuba, da surfe, da girkin 'yan ƙwadago. Ni ƙanena Habu nake kawowa, bai fi shekara uku ba. Yana kuka malami ya ce in fita da shi, sai in zauna a gindin darbejiya ina jiyo karatu ta taga. Hedimasta ne ya tara iyaye ya ce a yi ɗaki a cikin makaranta. Maza suka zo da diga da shebur, suka haƙi ƙasa a nan bayan wurin kamar yadda kowa ke yi in zai yi gini, mu kuma muna jido ruwa ana kwaɓi, ana murza tubali, ana dariya. Ramin da aka bari kuwa babu wanda ya waiwaye shi.

Aka ɗanka ɗakin a hannun Iya Falmata, wata tsohuwa da kakanninta suka zo daga Barno. Da sassafe za ka tarar ta share ƙasa, ta shimfiɗa tabarmi, ta cika randa, kowa ya miƙa mata ƙaninsa da kwanon koko. Bayan an tashi ma muna nan, mu yi 'yar gala-gala da carafke har la'asar. Habu kuwa angonta take ce masa. "Ango, ba cefane, ba zane, sai ci? Gobe sai gaban alƙali!" Shi kuma ya ɓuya a bayan randa yana ƙyalƙyala dariya. A wannan zangon na iya karanta shafi guda ba tare da tsayawa ba.

Damina ta faɗi, ramin ya cika, kwaɗi suka tare a ciki. Wata Laraba ana tashi Baba ya zo ya tafi da ni gona zuba taki, aka bar Habu wurin Iya. Hadari ya haɗo daga gabas, yayye da maƙwabta suka yi ta shigowa a guje, kowa ya suri nasa ya haɗa da na maƙwabcinsa. Haka muka saba, ai ɗa na kowa ne, ba a tambayar wa ya ɗauki wa. Iya ta duba ba ta ga Habu ba, ta ɗauka an wuce da shi gida. Inna kuma ta ɗauka yana fakewa a wurin Iya. Sai da ruwa ya ɗauke muka dawo daga gona, Inna ta ce, "Ina ƙaninki?" Baba bai shiga gida ba, ya juya. Takalmin Habu ƙafa ɗaya aka fara gani yana yawo a kan ruwan ramin.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, amma a rijiya mata na cewa tsufa ya ci idon Iya. Ban ji wanda ya ambaci ramin ba, wataƙila don kowane gida da hannunsa a haƙarsa. Iya ta zo ta durƙusa a gaban Inna ta ce, "Amana kuka ba ni." Kafin kaka ta koma wurin 'yarta a Rijiyar Zaki, ba mu sake ganinta ba. Aka rufe ɗakin, 'yan mata suka koma raino a gida, ni ma da ƙyar na gama aji shida.

Yanzu da bulo za a yi ginin, an ce har da kujeru da abin lilo. Amma makon jiya na zagaya baya na tarar ana ɗibar ƙasar cikon daɓe daga bakin tsohon ramin. Na yi wa shugaban iyaye magana, ya ce, "Haba Yaya, ke dai kin cika fargaba, kafin damina an cike shi." Wataƙila gaskiyarsa. In na ƙi, wasu 'yan matan za su zauna a gindin darbejiya kamar yadda na zauna. In na karɓa, ido biyu kawai gare ni, kamar Iya.

Don Allah, duk wanda makarantarsu ke da irin wannan ɗaki, ya sanar da ni: yara nawa mace ɗaya ke iya tsarewa, kuma in hadari ya haɗo, yaya kuke tabbatar da hannun da kowane yaro ya fita a ciki? Kafin ruwan farko nake son in ba su amsa.